Ruwan saman Makarfi a cikin fayil: yadda Python ke sa C aiki

Duk shekara sai na ga 'yan ajin ƙarshe sun ɗauko furojet a kan ruwan sama, wai za su gano ko damina ta fara makara a Ikara, Makarfi da Kudan. Tambaya ce mai kyau. Mai noman masara a Hunkuyi da ya yi shuka da ruwan farko, sannan aka yi sati biyu ba ɗigo, ya yi asarar iri da taki ke nan. Matsalar ita ce bayanan. Tashar auna ruwa da kowa ya sani a yankinmu tana Samaru, a cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ruwan Samaru ba shi ne ruwan Ikara ba.

To akwai mafita, kuma kyauta ce. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka tana fitar da bayanan da ake kira CHIRPS, waɗanda ke haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon tashoshin ƙasa, kullum-kullum tun daga 1981. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kamar kilomita 5 a faɗi. Amma in ka sauke fayil ɗin ka ce za ka buɗe shi da Excel, ba abin da za ka gani. Tsarinsa NetCDF ne, ba rubutu ba ne, lambobi ne a dunƙule. Yi lissafi: gida 7,200 sau 2,000, wato miliyan 14.4 a rana guda. A shekara ya haura lamba biliyan 5.

A nan ne maganar yarukan kwamfuta ke shigowa. C da Fortran, sai an juya abin da ka rubuta gaba ɗaya zuwa yaren na'ura kafin ya yi aiki, shi ya sa suke da gudu. Python kuwa bi yake yi layi-layi yana fassarawa, ga sauƙin rubutu amma ga nawa. Manhajar da ta san cikin NetCDF, wadda cibiyar Unidata a Amurka ke kula da ita tun ƙarshen shekarun 1980, da C aka rubuta ta. Maimakon a sake rubuta ta da Python, sai aka gina gada. Idan ka kira netCDF4 a cikin Python, wani siririn shiri da aka yi da Cython ne ke karɓar buƙatarka, ya miƙa wa C, C ya je ya tono lambobin ya zuba su a jere cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, NumPy ya miƙo maka su. Kamar dai mai sayen rake a kasuwar Makarfi: shi nuni kawai yake yi, 'yan lodi ke ɗagawa.

Daɗin abin shi ne ba sai an ɗauko fayil duka ba. Ka ba shi inda kake so, mu nan kusan digiri 11 arewa ne da digiri 8 gabas, sai ya ciro maka lambobi 365 na gidan nan kaɗai. Tsohuwar laftof ma ta isa. Kuɗin data ne kawai zai ciji mutum, don haka ku haɗu ku sauke sau ɗaya, ku raba a filas.

Sai dai gadar tana da ramuka. Inda babu awo, kamar kan teku, ana sa -9999. Idan ka yi sakaci ya shiga lissafin matsakaici, shi ke nan. Sannan wanda ya gaji tsohon shirin Fortran daga malaminsa, ya haɗa shi da Python ta f2py, ya lura: Fortran daga 1 yake fara ƙirga, Python daga 0, kuma yadda suke jera layi da ginshiƙi a ƙwaƙwalwa ya saɓa. Ba saƙon kuskure da zai fito. Amsa ce za ta fito tsaf-tsaf, alhali ruwan wani gari ne ka karanta. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan shirin da ya ƙi tashi.

In lambobin sun zo hannu, sauran aikin layi kaɗan ne. Ma'aunin da Sivakumar na cibiyar ICRISAT a Nijar ya fitar a 1988 har yau ana amfani da shi: damina ta kama ran da, bayan 1 ga Mayu, aka sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ka bi da shi shekara-shekara daga 1981, gari uku, ka zana.

Ni dai ba zan yarda da zanen ba sai ka fara ciro gidan da Samaru ta faɗa, ka gwada shi da awon tasharsu na shekarun da za su iya ba ka. Tauraro hasashe yake yi daga sanyin saman gajimare, ita kuwa tasha ruwan da ya zuba a mazubi ta auna.