Tsofaffin gilasan jeren iyayenmu: tarihin da ke fashewa ba mu lura ba

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da aiki ke sa shi bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tun daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ya zarce Cadawa da Agye har Gazawa, ya san abin da ido ke fara cin karo da shi a bakin titi. Kwalabe ne jere bisa tebur, wasu cike da man fetur, wasu da man gyaɗa, wasu da zuma ko man shanu. Kwalba ta zama ma'auni, ta zama abin da ba a tsayawa a duba sau biyu. To amma a cikin ɗakunan tsofaffin mata na waɗannan gundumomi uku akwai wani irin gilashi dabam, wanda ya shekara 50 ko 60 a wuri guda: finjalan shayi, tambulan, kwalaben turare, ƙwan fitila da karau na hannu. Waɗannan kaya shaidu ne na yadda kasuwanci ya gudana a ƙasarmu, kuma kowace shekara sai raguwa suke yi, ba tare da wani ya rubuta labarinsu ba.

Jere shi ne gidan tarihinmu na farko

A ƙasashen Turai, wanda ke tara tsofaffin gilasai mutum ne mai kuɗi da ke yawon gwanjo. A ƙasar Katsina da ta Gobir kuwa, tara kaya masu ƙyalli aikin mata ne tun kaka da kakanni, kuma sunansa jere. Uwa takan fara tanadin kayan ɗakin ɗiyarta tun yarinya tana tallan ƙosai, kwano ɗaya yau, tasa ɗaya gobe, har ranar da za a kai amarya a jera mata su a bango, dangin miji su shigo su gani. Da farko ƙoraye ne masu zane da akussa da faifai. Daga baya tasoshi da langa da fanteka suka shigo, sa'an nan tangaran da gilashi suka samu matsayi a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wata malamar tarihi Ba'amurka, Barbara Cooper, ta yi bincike kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, littafinta ya fito a 1997, kuma kayan ɗaki na cikin abubuwan da ta bi diddiginsu domin gane yadda rayuwar mata ta sauya.

Jere ado ne, kuma asusu ne. Idan shekara ta yi tsanani, mace takan sauko da abu ɗaya ta ba dillaliya, a sayo hatsi. Haka aka yi a farin 1973 da 1974, haka a 1984, haka kuma a 2005 lokacin da ƙarancin abinci ya addabi jihar Maraɗi. Saboda haka duk finjalin da ya tsallake waɗannan shekaru yana nan a ɗakin mai shi, to an so shi so na gaske.

Yadda gilashi ya iso ƙauyukanmu

Gyaɗa ce ta kawo shi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka samu gajeriyar hanya zuwa arewa, kamfunan Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi, gishiri, sukari, fitilu da kwanoni. Da kaka ta yi, a kafa sikeli a kasuwannin ƙauye, manomi ya auna, ya karɓi kuɗi a hannu, kafin ya koma gida ya tsaya wurin mai tebur. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe fitar da gyaɗa waje, amma masu saye a ƙauyuka ƴan ƙasa ne, kuma daga cikinsu ne Alhazan Maraɗi da yawa suka taso, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986. Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin da kuɗin gyaɗa ya fi shiga hannun talaka, shi ya sa mafi yawan tsofaffin gilasan da ake tararwa tsakanin Tsibirin Gobir da Gangara na wannan zamani ne.

Hanyoyin shigowarsu uku ne. Ta farko daga Faransa, ta kantuna da gidajen ma'aikata. Ta biyu daga Kano da Katsina, ta Jibiya da Ɗan Isa, a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Ta uku daga Makka, a cikin akwatin alhazai, inda finjalai masu bakin ruwan zinariya ke tahowa tare da dabino da ruwan Zamzam.

Abin da yaro ya gani

Mai wannan rubutu ya tashi a Gazawa, tun tana ƙarƙashin Agye, domin sai a 2011 aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. A ɗakin kakarmu akwai finjalai shida bisa wani farantin tangaran, ba a sauko da su sai ranar salla ko in baƙo mai daraja ya sauka. Da hantsi, idan rana ta leƙo ta ƙofa ta bugi jeren, sai haske ya watsu a bango kamar ruwa. In na matsa kusa takan ce, “Maigidana, jere da ido ake taɓa shi.” Da magariba aikina ne goge ƙwan fitila da toka da tsumma, kuma duk yaron wancan zamani ya san faɗuwar gaban da ke cikin wannan aiki, sabili da ƙwai ɗaya ne a gidan, in ya fashe sai a koma aci-balbal har ranar kasuwa.

A gidan malamin lakkol kuwa na fara ganin tambulan da ke faɗuwa ƙasa ya tashi lafiya. Mu yara muka ɗauka asiri ne. Sai bayan shekaru, da aikin gwamnati ya yi ta kai ni Agye, Cadawa da Gidan Rumji, na fahimci dalili, kuma tun daga lokacin duk inda na ga irinsa a hannun dillaliya nakan saya, in tambayi daga ɗakin wa ya fito, in rubuta a littafi. Yau littafin ya fi gilasan daraja a wurina.

Kowane gilashi da labarinsa

Tambulan ɗin malamin lakkol Duralex ne. An fara yin sa a 1945 a garin La Chapelle-Saint-Mesmin kusa da Orleyan ta Faransa. Sirrinsa shi ne ana zafafa gilashin har ya haura digiri 600, sa'an nan a huce shi nan take da iska mai sanyi, sai bayansa ya ɗaure cikinsa tamau. Wannan ya sa yake jure faɗuwa da ruwan zafi, ranar da kwanansa ya ƙare kuma sai ya tarwatse ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Mai zagayen ciki ya fito a 1946, mai tsaga-tsaga a jiki, wanda ake kira Picardie, a 1954. A gindin kowane akwai ƴar lamba. Lambar mazubin da aka ƙera shi ce, amma ƴan makaranta a Faransa sun mai da ita wasa, kowa ya leƙa kofinsa ya faɗi shekarunsa. Kamfanin ya sha faɗuwa, har a 2024 ma'aikatansa suka karɓe shi suka mai da shi na haɗin gwiwa. Farantai da kofuna farare kamar madara, masu zanen fure, waɗanda matan ma'aikata suka yi yayi, su kuma Arcopal ne, daga garin Arques, an fara su a 1958. Mutane da yawa na ɗaukar su tangaran, alhali gilashi ne.

Ƴar ƙaramar kwalbar Bint El Sudan, wadda iyayenmu ke cewa Bintu Sudan, tana da nata tarihi. Kamfanin W. J. Bush na Ingila ne ya haɗa turaren a 1920, da mai maimakon barasa, abin da ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu biyu, daga baya aka koma yin sa a Kano. Babu lefen da ya cika ba da shi ba, kuma ko ya ƙare ba a yar da kwalbar, akan zuba mata wani turaren ko magani.

Kada kuma a ɗauka duk gilashi daga ƙetare yake. A Bida ta ƙasar Nufe, maƙeran unguwar Masaga sun daɗe suna narka gilashi suna ƙera karau da duwatsun wuya, har suka koma sayen fasassun kwalabe suna narkawa, fatake kuma suna kawo kayansu arewa. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, masu tonon tarihi sun tabbatar cewa ana dafa gilashi tun wajen ƙarni na 11. Wato sana'ar tana da tushe a Afirka ta Yamma tun kafin Bature ya sauka gaɓar teku.

Yadda ake gane tsoho

Ɗan kasuwa ba ya sayen abin da bai juya ba, to gilashi ma gindinsa ake fara dubawa. Idan an rubuta Czechoslovakia, an yi shi tsakanin 1918 da 1992, domin bayan nan ƙasar ta rabu biyu. Idan West Germany ce, bai wuce 1990 ba. Kwalbar da inji ya yi tana da layin haɗi da ya miƙe har bakinta. Wadda aka hura da baki kuwa takan ɗan karkace, kaurinta ba ɗaya ba ne, akwai ƙwayoyin iska a jikinta, wani lokaci da tabo a gindi inda aka ɓalle ta daga sandar maƙeri. Akwai kuma wadda ta koma ruwan shuni-shuni mai haske. Sinadarin manganis ne da masu ƙira ke sakawa har zuwa wajen yaƙin duniya na farko, rana ta daɗe tana dukansa ya sauya launi, kuma wannan alama ce ta tsufa na gaske.

Ga gargaɗi biyu. Gilashi mai nauyi mai ƙara kamar ƙararrawa, wanda Faransawa ke kira kiristal, yana ɗauke da dalma, kashi 24 cikin ɗari ko fiye, saboda haka bai kamata a bar zoɓo ko ruwan tsamiya su kwana a cikinsa ba. Kwalbar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba, musamman a ƙasar noma irin tamu inda ake ɗura maganin ƙwari a duk abin da aka samu, wurinta kan kanta, ba bakin yaro ba.

Abin da ke cinye su

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan Faransa suka ninka kuɗi, roba da kayan Sin suka cika kasuwa. Amaryar yau tana son kuloli da sababbin kaya iri ɗaya, ba ta son finjalin da ya rasa ɗan'uwansa. Amma babbar asara ranar rabon gado take faruwa. Ana lissafa gona, shanu da zinariya, sai a tattara kayan jere a buhu, a ba yara su yi wasa, ko a sayar wa mai gwangwan da kuɗin da bai kai na goro ba. Waɗanda suka fashe a dasa su bisa katanga don tsoron ɓarayi. Abin da fari uku bai iya raba tsohuwa da shi ba, sai magada su watsar da shi cikin yini guda.

Mun ga irin wannan a Bura, a yammacin ƙasa, inda aka gano tukwanen tarihi a 1975, Farfesa Bube Gado ya tona wurin a 1983, daga bisani masu haƙar dare suka kwashe abin da suka kwashe zuwa kasuwannin waje. A 1997 aka yi dokar kare kayan tarihi. Finjalin kaka bai kai tukunyar Bura shekaru ba, amma shi ma in ya tafi ba ya dawowa.

Kira ga masu karatu

Aikin ba na kuɗi ba ne. Duk mai tsohuwa a gida, a Sae Sabuwa take ko a Cadakori ko a Gangara, ya zauna da ita ya tambaye ta: Inna, wannan wa ya saya miki? A wace kasuwa? Shekarar wane sarki, kafin fari ko bayansa? Ya rubuta amsar a takarda, ya ajiye tare da kayan, ya ɗauki hoto da wayarsa. Magada su ware ko abu ɗaya ne daga jeren mamaciya su damƙa wa ɗiyar da ta fi natsuwa. Ƴan kasuwa da ke hulɗa da dillalai su riƙa juya gindin kaya kafin su yanke kuɗi. Magadan gari da sarakuna, tun daga fadar Sarkin Gobir a Tsibiri har zuwa Agye da Gazawa, suna iya keɓe ɗaki guda a gidan matasa ko a makaranta inda za a jera irin waɗannan kaya da sunayen matan da suka tara su. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai yana nan tun 1959, amma ɗan ƙauyen Gidan Sori nawa ne zai taka can?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Iyayenmu mata sun tsare waɗannan kaya daga ƙura, daga ƙaura, daga yunwa da hannun jikoki, ba su iya karatun boko ba amma sun san abin ajiya. Mu da muka iya alƙalami, abin da ya rage mana shi ne mu rubuta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.