Idan manhajar waya ta ƙi sabuntuwa: abubuwan da za a duba kafin a goge ta

Saƙon nan da ke cewa manhaja ta tsufa, sai an sabunta ta, yana yawan kai mutane wurin masu gyaran waya. An danna maɓallin «Mettre à jour», abu na ta juyawa, an ci mega, amma shiru. Shawarar da aka fi ba mutum a irin wannan hali ita ce ya goge manhajar ya sake sauke ta. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma a yi gyaran gangar auzinawa, musamman ga wanda ke zaune a wata ƙasa alhali lambar da ya buɗe WhatsApp da ita ta wata ƙasar ce.

Dalili kuwa shi ne, wanda ya goge WhatsApp ya sake saka ta, yawanci sai an turo masa lambobi shida ta saƙon tes ko ta kira a kan layin da ya yi rajista da shi. Ɗan kasuwar da ke Garwa ko Njamena, wanda layinsa na Najeriya ko na Nijar ya daɗe da mutuwa, ba zai ga waɗannan lambobi ba. Nan take ya rabu da ƙungiyoyin dangi da abokan ciniki. Don haka gogewa ita ce matakin ƙarshe. Kafin a kai gare ta, a fara karanta abin da wayar ta rubuta, domin kowane saƙo da irin ciwon da yake nunawa.

Wuri ya cika

Idan aka ga «Espace de stockage insuffisant», ma'ajiyar wayar ce ta cika. Mutane kan yi mamaki: sabuntawar ƴar ƙarama ce, ga kuma sauran wuri, me ya hana? Abin da ke faruwa shi ne wayar tana sauke sabon kunshin, ta warware shi, alhali tsohon yana nan bai gusa ba, sai an kammala sannan ta share shi. Ke nan tana bukatar fili fiye da girman da aka rubuta.

Mafi yawan abin da ke cinye wuri bidiyo ne da sautukan da ke sauka da kansu daga ƙungiyoyi. A cikin WhatsApp a shiga «Paramètres», sai «Stockage et données», sai «Gérer le stockage». Nan za a ga manyan fayiloli a jere, a zaɓi na gogewa. A wuri guda kuma ana iya hana bidiyo sauka da kansa.

Abu ya tsaya yana jira

Saƙon «Téléchargement en attente» yakan fito ne saboda ɗayan abu uku. Ko dai an saita Play Store kada ya sauke komai sai da Wi-Fi, wanda ana canza shi a «Préférences réseau». Ko wasu manhajojin sun yi layi a gaba, sai a dakatar da su. Ko kuma Play Store ɗin kansa ya cushe, sai a je saitin waya, a shiga «Applications», a zaɓe shi, a danna «Vider le cache», sannan a kashe wayar a kunna.

A nan akwai maɓalli biyu da ke zaune kusa da juna, kuma aikinsu ya bambanta ƙwarai. «Vider le cache» tarkace kawai yake sharewa. «Effacer les données» kuwa yana mayar da manhaja kamar yau aka saka ta. Idan aka danna shi a kan WhatsApp ko manhajar banki, daidai yake da gogewa.

A duba agogon wayar ma. Idan kwanan wata ko lokaci ya kauce, wayar kan kasa tabbatar da amincin haɗinta da intanet, Play Store ya ƙi aiki, WhatsApp kuma ta yi ƙorafin kwanan wata. Matafiya ne abin ya fi samu: Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya. Wanda ya juya agogo da hannu bai canza yankin lokaci ba ya bar wayarsa cikin ruɗu. Maganin shi ne a kunna «Date et heure automatiques».

Wayar ta tsufa

Saƙon da ya fi ciwo shi ne «Votre appareil n'est pas compatible avec cette version». Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin tsarin waya da take yarda da shi, kuma kamfanoni suna ɗaga wannan iyaka lokaci zuwa lokaci. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba, tsarin da ya fito a 2014. A 2025 kuma ta bukaci iOS 15.1 a wayoyin Apple, abin da ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Ana ganin lambar tsarin a «À propos du téléphone». Idan akwai sabuntawar tsari a «Mise à jour du système», a yi ta da isasshen caji. Idan kamfanin ya daina turo wa wayar sabon tsari, babu mai gyaran da zai iya sauya wannan da shafe-shafe. Abin da ya rage shi ne ƙananan manhajoji irin su Facebook Lite, ko shiga shafin ta burauza, ko sauya waya.

Masu sayen ta hannu su lura da wannan tun a kasuwa. Haka kuma sababbin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da Play Store, shagonsu AppGallery ne, kuma wasu manhajojin da suka dogara da Google ba sa tafiya daidai a kansu.

Manhajar da aka karɓa daga wayar wani

Saboda tsadar mega, da yawa suna karɓar manhaja ta Xender ko Bluetooth. Sai a tashi sakawa a ga «Application non installée». Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke sa Play Store ya ba kowace waya gutsattsarin da suka dace da injinta da allonta da harshenta. Abin da aka ɗinka wa Tecno ɗin maƙwabci ba lallai ya shiga Itel ɗinka ba, kuma wani lokaci guntu ɗaya kawai ake turowa.

Akwai kuma batun sa hannu. Kowace manhaja tana ɗauke da hatimin wanda ya ƙera ta, kuma Android ba ya yarda sabuwa ta hau kan tsohuwa sai hatiminsu ya zo ɗaya. Shi ya sa jabun manhajoji irin su GB WhatsApp ba sa sabuntuwa ta Play Store. Kamfanin WhatsApp yana rufe asusun masu amfani da su, kuma babu mai ba da tabbacin inda saƙonninsu ke zuwa.

Ba a samunta a ƙasarka

Play Store yana ɗaure kowane asusun Google da ƙasa ɗaya. Wasu bankuna da kamfanonin tura kuɗi suna sakin manhajarsu ne a ƙasarsu kaɗai. Wanda ya canza ƙasar asusunsa bayan ya yi ƙaura yana iya neman manhajar bankinsa na gida ya rasa. Google ba ya barin a riƙa canza ƙasa a kai a kai, saboda haka a yi tunani kafin a taɓa wannan saiti, kuma kada a goge manhajar banki da ke aiki sai an tabbatar ana ganinta a shagon.

Idan gogewar ta zama dole

A fara da adana hira: «Paramètres», «Discussions», «Sauvegarde des discussions», a jira har ta kammala hawa Google Drive. A tabbatar ana tuna adireshin Gmail da kalmar sirrinsa, da lambar sirrin tabbatarwa mataki biyu idan an saka ta. Sannan a sa wani ya turo saƙon tes zuwa layin da aka yi rajista da shi, a ga ko ya shigo. Idan bai shigo ba, kada a goge komai. Tun WhatsApp tana buɗewa, a shiga «Compte», a zaɓi «Changer de numéro», a mayar da asusun kan layin ƙasar da ake zaune. Ƙungiyoyi da hirarraki za su biyo sabuwar lambar, kuma lambobin tabbatarwa a kanta za su riƙa zuwa daga ranar.