Jakar Goyo ga Ƙananan Yara: Yadda Ake Zaɓa da Yadda Ake Goyawa

Jakar goyo ta zama ɗaya daga cikin kayan da ake fara saya wa yaro idan zai shiga makaranta, musamman tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da karatun share fage cikin tsarin ilimin Nijeriya. A Kanya, cikin masarautar Zuru a kudancin Jihar Kebbi, akan ga yaro ɗan shekara 3 ko 4 ya goyo jaka yana bin yayyensa da safe. A da ɗan makarantar allo a hannu yake riƙe allonsa, mai Alƙur'ani ya sa a gafaka, ɗan firamare kuma ya zuba littattafansa a leda ko jakar yadi da tela ya ɗinka. Har gobe ana ganin waɗannan, amma ta goyo ce ta yi rinjaye.

Abu na farko da ake dubawa shi ne nauyi. Likitocin yara da dama sun tsaya a kan kada jaka da abin da ke cikinta su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Ƙasar Indiya ta mai da wannan tsari na hukuma a 2020: ta ƙayyade kashi 10, ta kuma ce 'yan share fage ba sa buƙatar jaka sam. Lissafin ba wuya. Ɗan shekara 3 yakan kai kimanin kilo 14, wato kayansa kada su haura kilo 1 da rabi. Ɗan shekara 6 mai kilo 20 zai iya ɗaukar kilo 2. Inda iyaye suka fi yin kuskure shi ne ruwa, domin lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cur. Idan aka cika gora, aka haɗa da kular abinci, ƙaramin yaro ya gama cinye rabonsa tun kafin littafi ya shiga. Gorar rabin lita ta wadatar idan akwai rijiya ko famfo a makaranta.

Jaka mai nauyi tana janyo yaro baya, shi kuma sai ya sunkuyo gaba don kada ya faɗi, daga nan ciwon wuya da kafaɗa da baya ke tasowa. Ba a tabbatar tana karkatar da ƙashin baya na dindindin ba, kamar yadda ake yawan faɗa, amma gajiya da tuntuɓe sun isa matsala a ƙasa mai duwatsu da hawa da gangara irin ta Zuru.

Sai girman jakar. Al'adar sayen babba "don ya girma da ita" tana yi wa aljihu sauƙi, amma yaron ne ke biya. Jakar da ta dace tana farawa daga kafaɗa ta tsaya a ƙugu, faɗinta kuma bai wuce faɗin bayan yaro ba. Wadda ke dukan cinya in yana tafiya ta yi masa yawa, saboda haka gara a je kasuwa da shi a gwada. Hannuwan jakar su kasance biyu, masu faɗi, masu soso a ciki. Siraran igiyoyi suna cin kafaɗa, har hannu ya yi sanyi. Gwanjo mai kauri sau da yawa ta fi sabuwa mai ƙyalli da hotunan katun ƙarko, muddin zif ɗinta na tafiya kuma ɗinkin da ya riƙe hannuwan bai saki ba. Jaka mai taya ba ta da amfani a turbar yashi da tsakuwa.

Wajen goyawa, a saka hannuwan duka biyu, a ja su har jakar ta manne da baya. Ratayawa a kafaɗa ɗaya tana jibge nauyin a gefe guda. Abu mafi nauyi shi ke zama a jikin baya, marasa nauyi su biyo. Jelar igiyar da ta rage a ɗaure ta ko a rage tsawonta, domin tana iya shiga tayar kabu-kabu ko ta maƙale a reshe.

Ana komawa makaranta a Satumba, lokacin da damina ba ta janye ba a wannan yanki da ya fi arewacin jihar samun ruwa. Yawancin jakunkuna suna shan ruwa ta wajen zif, don haka sai a nannaɗe littattafai a leda kafin a saka, amma kada a bar ledar a hannun ɗan ƙasa da shekara 3 saboda haɗarin toshe numfashi. Sunan yaro da lambar wayar mahaifi a cikin jakar ake rubutawa, ba a bayanta ba inda baƙo zai karanta ya kira shi da suna. A ƙarshen mako a zazzage ta, a fitar da guntun abincin da ke jawo tururuwa da kyankyasai, a wanke da sabulu a shanya a rana.