Murar Kaji: Yadda A Ke Kula Da Kaza Mai Ƙwai Idan Numfashinta Ya Sarƙe

Da wuya a shiga gida a karkara, ko a unguwannin biranen ƙasar nan, ba a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Galibinsu kuwa na mata ne da yara. Ƙwan da kaza ta ke yi shi ne abincin gina jikin yaro, shi ne kuɗin gishiri da sabulu, idan baƙo ya sauka kuma ita a ke kamawa a fita kunya. Saboda haka mutuwar kaji goma a gida ɗaya hasara ce babba. Daga cikin abubuwan da ke jawo wannan hasara, cututtukan numfashi suna sahun gaba, musamman da shigar hunturu, lokacin da sanyi da ƙura ke raunana kaji.

Jama'a su kan haɗa waɗannan cututtuka duka su kira su mura. Amma atishawa da majina alama ce kurum, cututtukan da ke kawo su kuwa suna da yawa. Akwai mai sauƙi, akwai kuma mai share akurki cikin mako guda. Don haka aikin farko na mai kiwo shi ne ya ware kazar, ya lura da ita, ya nemi shawarar ma'aikatan dabbobi, sa'an nan a yi zancen magani.

Yadda kaza ke numfashi

Huhun kaza ƙarami ne, manne da haƙarƙarinta. Bayan huhun tana da waɗansu jakunkunan iska guda 9 da suka bazu cikin ƙirji da ciki. Wannan ya sa ƙura ko ƙwayar cutar da ta shiga ta hanci ta kan isa can cikin jiki ba da daɗewa ba. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne a ma'aunin santigiret, ba ta kuma yin gumi. Saboda haka idan aka ga kaza da tsakar rana a bazara tana haki, baki buɗe, fikafikai a sake, zafi ne ya dame ta. Inuwa da ruwan sanyi sun wadatar, da yamma ta yi kuma za ta daina.

Kaza marar lafiya dabam ta ke. Ta kan takure wuri ɗaya, gashi a tashe, ta rage ci, ta rage ƙwai ko ta daina gaba ɗaya. A kan ga majina a hancinta, ko kumfa a ido, ko kumburi a fuska. Gashin kafaɗarta ya kan dame domin tana goge ido a kai. Lokacin da ya fi dacewa a saurara shi ne da dare, bayan kaji sun kwanta gida ya yi tsit. A nan a ke jin atishawa, da tari, da wani ƙara mai kama da minshari.

Cututtukan da aka fi gani

Ta farko ita ce mura mai daɗewa, wadda wata ƙwayar cuta mai suna maikofilasma ke kawowa. A hankali ta ke yaɗuwa, ba ta cika kisa ba, amma tana ramar da kaza, ta rage mata ƙwai. Kazar da ta warke ta kan ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar muddin ranta, har ma ta kan ba 'ya'yanta ta cikin ƙwai.

Ta biyu ita ce mura mai kumbura fuska, ta bakteriya. Fuska ta kan kumbura har ido ya rufe da kwantsa, majinar kuma tana da wari. Ita ma wadda ta warke tana iya shafa wa sauran kaji.

Ta uku ita ce mura mai lalata ƙwai, wadda bairas ke kawowa. Tana gama kajin gida cikin kwana biyu ko uku. Manyan kaji galibi suna tashi, amma ƙwan da su ke yi bayan haka ya kan fito da ɓawo mai laushi ko mai tamoji, farin ƙwan kuma ya tsinke kamar ruwa.

Ta huɗu ita ce cutar Niyukasul, wadda a wurare da dama a Arewa a ke kira fakat. An fara gane ta a shekarar 1926 a tsibirin Jaba na ƙasar Indunisiya, da kuma garin Niyukasul na Ingila, inda ta sami sunanta. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a yankin Ibadan a shekarar 1952. Bayan wuyar numfashi tana kawo koren zawo, da murɗewar wuya, da shanyewar ƙafa ko fiffike. A cikin kajin da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe kusan duka. Ba ta da magani, sai rigakafi.

Ta biyar ita ce murar tsuntsaye. An fara tabbatar da mummunan nau'inta a Nijeriya cikin watan Fabrairu na shekarar 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma ta sake ɓulla a shekarar 2015 da 2021. Alamarta babba ita ce mutuwar kaji da yawa farat ɗaya. Kai ya kan kumbura, zanko da leɓe su yi shuɗi, jini ya taru a ƙarƙashin fatar ƙafa. Tana kama mutum. A watan Janairu na shekarar 2007 ta yi sanadin rasuwar wata mata a Legas.

Akwai kuma murar da asalinta daga akurkin ne. Kashin kaji idan ya taru ya jiƙe yana fid da wani wari mai yaji, wanda ke ƙona hanci da idon kaza, ya buɗe wa cuta hanya. Haka kuma dusa ko shimfiɗar da ta yi fumfuna tana lalata huhu, musamman na 'yan tsaki. Mai kiwo ya sunkuya cikin akurki da sassafe, daidai tsayin kaza. Idan idonsa ya yi yaji, to kajin sun kwana cikin wahala.

Abin da za a yi ranar farko

1. A ware kazar nan take, a sa ta cikin keji ko kwando nesa da sauran, wurin da ba ta jiƙa, ba kuma iska mai sanyi ke bugunta kai tsaye. Kada a kai ta ɗakin kwana ko ɗakin girki, kada kuma yara su yi wasa da ita.

2. A ba ta kaskon ruwa da na abinci nata ita kaɗai. Ruwa ya fi abinci muhimmanci a wannan hali. Idan ta ƙi ci, a jiƙa dusa ko tsaki da ruwan ɗumi a ajiye mata kaɗan-kaɗan, a zubar da abin da ya kwana.

3. A goge mata hanci da ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, domin kazar da idonta ya rufe ba ta ganin abinci, yunwa da ƙishirwa su ke ƙarasa ta. Kada a ɗura mata ruwa da ƙarfi, don yana iya faɗawa hanyar numfashi.

4. A fara kula da masu lafiya tukuna, ita ta zo ƙarshe. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu.

5. A duba sauran kajin safe da yamma, a riƙe lissafin waɗanda suka kamu, da waɗanda suka mutu, da yawan ƙwan da a ke samu. Wannan lissafi shi ne abin da malamin dabbobi zai fara tambaya.

Idan kaji biyu ko uku suka mutu a rana ɗaya, ko aka ga murɗewar wuya, ko zanko ya yi shuɗi, wajibi ne a sanar da asibitin dabbobi mafi kusa ko ofishin gona na ƙaramar hukuma a ranar. Fakat da murar tsuntsaye suna kama da juna ƙwarai, ba a rarrabe su sai a ɗakin gwaji. Kafin ma'aikata su iso, kada a fid da kaza ko ƙwai daga gidan.

Zancen magani

Al'adar fasa kafson mutane a zuba wa kaji a ruwa ta yaɗu ƙwarai, illarta kuwa babba ce. Magungunan kashe bakteriya ba su taɓa bairas ko kaɗan, saboda haka ba su da amfani ga fakat, ko murar tsuntsaye, ko mura mai lalata ƙwai. Inda su ke aiki, watau mura mai daɗewa da mai kumbura fuska, likitan dabbobi ne zai zaɓi wanda ya dace da kaza mai ƙwai, ya faɗi awo da yawan kwanaki. Ba da magani rabi da rabi yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, har wata rana ya kasa aiki ga kaza, ya kasa ga mutum. Barkono da jiƙon itatuwa da a kan ba kaji a gida ba sa hana fakat, ba sa kuma maye gurbin rigakafi.

Magani ya kan sauka cikin ƙwai da nama. Don haka a tambayi likita kwana nawa za a jira bayan an gama ba da shi. Ƙwan da aka samu cikin wannan tsakani ba a ci, ba a sayarwa, ba a kuma sa wa kaza ta kwanta a kai.

Kada a yanka kaza marar lafiya don a ci, kada kuma a garzaya da ita kasuwa don gudun hasara. Wanda ya yi haka ya kwashi annoba ya kai gidan ɗan'uwansa. Mushen kaza ba a jefa shi a juji ko kwata, inda karnuka da ungulaye za su ja shi. A sa leda a hannu a ɗauke shi, a ƙone shi, ko a binne cikin rami mai zurfi nesa da rijiya.

Rigakafi

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta ke aiki a can tun shekarar 1924, tana haɗa magungunan rigakafin fakat iri-iri. Cikinsu akwai wanda ya fi jure zafi, wanda ya dace da kajin gida. Ɗigo ɗaya a ke sa wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4, kuma ya fi kyau zagaye ɗaya ya faɗo kafin shigar hunturu. Masu lafiya kaɗai a ke yi wa. Da ya ke kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa, kuma ba ta daɗewa bayan an buɗe ta, ya kamata maƙwabta su haɗa kai su sa rana ɗaya, a gama kajin unguwa baki ɗaya.

Kazar da aka sayo daga kasuwa, ko aka samu kyauta, ko ta je kasuwa ta komo ba a saye ta ba, a keɓe ta aƙalla mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. A raba makwancin kaji da na agwagi da zabbi da tattabaru, domin agwagwa tana iya ɗauke da cuta ba ta nuna alama ba. A share akurki a kai a kai, a shimfiɗa busasshen ɓuntu ko ƙaiƙayi, a bar kafar shan iska daga sama ko da sanyi, a wanke kaskon ruwa kullum, kada kuma a cusa kaji da yawa a ƙaramin wuri.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin yi wa kajin gida duka rigakafi bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Ana roƙon masu unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin mata, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami karanta shi ba. Mai neman ƙarin haske ya tuntuɓi malamin dabbobi ko malamin gona na yankinsa.