Haraji a Kan Riba Yake

Ruwan Tiga ya kawo sana'a Bunkure da Kura. Wani na da injin casar shinkafa, wani na sarin tumatir. To, wane haraji ke kanmu?

Dattawa sun san haraji da jangali na da. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Na yau dabam ne. A kan riba a ke yanka shi, ba a kan jari ba.

Da fari mu je Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano, a rubuta sunanmu, a ba mu lamba. Tun ran 1 ga Janairu 2026, wanda samunsa na shekara bai wuce Naira 800,000 ba, an ɗauke masa harajin samu. Amma yaya ma'aikaci zai san ribarmu in ba mu rubuta ba? Sai ya kintata, ya yiwu ya zarce. Ga ranar karatunmu. Mu sayi littafi, kullum mu rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har man inji da ladan 'yan dako.

Kuɗin rumfar kasuwa na ƙaramar hukuma ne. Ko nawa muka biya, mu karɓi rasit, mu karanta shi tun mai karɓa bai tafi ba.