Kwamfutar Duba Mota Ba Boka Ba Ce

Na gaji da jin wannan magana a bakin masu motocin kaya: "Ai an sa mata kwamfuta, ta faɗi ciwonta." Wani maƙwabcina mai tsohuwar akori-kura sensa biyu ya saya a jere saboda na'ura ta nuna lamba, motar kuma ba ta daina shaƙewa ba. Da aka bi wayoyi da hannu sai ga guda ɗaya ɓera ya gaigaye ta, tagullar a fili.

Sikana dai na'ura ce da ake jona wa mota ta karanto abin da birenbos, wato kwamfutar cikin motar, ya ajiye. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta ganin ƙarfe, ba ta jin kukan inji. In ta nuna P0171 a injin fetur, cewa take iska ta rinjayi mai. Me ya jawo? Ƙila tiyo ya tsage, ƙila famfon mai ya gaji, ƙila dattin man bumburutu ya toshe matata. Unguwa ta nuna maka, gidan kai za ka nemo. Amma sai ka ga bakanike ya karanta lamba, ya tura yaro kasuwa sayen sensa, ya danna gogewa, fitilar cek ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Kwana biyu ta dawo. Abin haushi ma, gogewar nan tana share bayanin halin da inji yake ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru, wanda shi ne bakanike na ƙwarai zai fara dubawa. Mu ji tsoron Allah, wannan cin kuɗin mutane ne.

In kai za ka sayi taka sikanar, leƙa ƙarƙashin sitiyari tukuna ka ƙirga ramukan soket. Mai 16 shi ne OBD2, wanda Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci da akori-kura tun ƙirar 1996. Turai ta makara: fetur 2001, dizal 2004. Don haka 'yar Beljiyam mai dizal da ta girme haka tana iya samun soket ɗin, amma na'urar arha ta yi ta gaishe ta ba amsa.

Manyan motoci kuwa harkarsu daban. Na Amurka irin su Mack zagayayyen soket gare su, mai ƙafa 6 na tsarin J1708, ko mai 9 na J1939. DAF da MAN kuma lantarkinsu bolt 24 ne, alhali 'yar ELM327 ɗin nan da ake haɗawa da wayar hannu don 12 aka yi ta. Jona ta, ka ji ƙauri.

Wajen saye, nemi sikana mai nuna bayanai inji na kunne, kamar zafin ruwa da saurin juyawar inji. Kai motarka wurin mai sayarwa a gwada a gabanka kafin kuɗi su bar aljihunka, kuma ka haɗa da mitar awon lantarki, don sau da yawa laifin waya ne.

Tsofaffin Toyota masu fetur na kafin 1996 ba sa ma buƙatar sikana: ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya a ɗan akwatin da ke cikin bonet, ka murɗa makulli, ka ƙirga ƙiftawar fitilar cek. Marsandi 911 kuwa ba ta da birenbos ko kaɗan. Wanda ya ce zai sa mata kwamfuta, ce masa ya nuna maka inda zai jona.