Addinin Jain na Farko a Idon Mabiya Buddha

Addinin Jain da na Buddha sun yi tashe a yanki ɗaya, wato kwarin kogin Ganges a arewa maso gabashin Indiya, tsakanin ƙarni na 6 da na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mahavira, jagoran Jain, zamaninsu ɗaya da Buddha, kuma garuruwan da suka zaga suna wa'azi guda ne: Rajagaha, Nalanda da Vesali. Littattafan Buddha na harshen Pali suna kiransa Nigantha Nataputta. Ba su kawo labarin haɗuwar shugabannin biyu ido da ido ba, almajirai ne ke kai da kawo muhawara a tsakani.

Tushen saɓanin shi ne karma, wato sakamakon aikin da mutum ya aikata. A ruwayar mabiya Buddha, 'yan Nigantha, wato mabiya Jain, na ganin duk daɗi ko wuyar da mutum ke sha ta samo asali ne daga ayyukansa na rayuwar baya, kuma mafita ita ce wahalar da jiki har tsohon laifi ya ƙone. An ce Buddha ya tarar da wasunsu a dutsen Isigili suna tsaye ƙyam, sun haramta wa kansu zama. Ya tambaye su ko sun san yawan laifin da suka riga suka ƙone da wanda ya saura. Suka ce ba su sani ba. Shi kansa ya shekara shida yana irin wannan horon kai kafin ya watsar.

Labarin Upali, wani attajirin Nalanda mabiyin Nataputta, ya fi fito da bambancin. Ya je ne don ya kayar da Buddha a kan cewa aikin jiki ya fi na zuciya nauyi, sai ya dawo yana almajirinsa, ya yarda niyya ce kan gaba. Duk da haka Buddha ya ce masa kada ya rufe wa tsoffin malamansa ƙofar sadaka. Ruwayar ta ƙara da cewa Nataputta ya yi aman jini don takaici, kuma a nan ne mai karatu zai tuna cewa abokin hamayya ne ke ba da labarin. Haka ma yadda aka zayyana rigimar almajiran Nataputta bayan rasuwarsa a Pava.

Amma shaidar abokin hamayya ta yi wa Jain rana. Da can wasu Turawa sun ɗauka reshen addinin Buddha ne kawai. Bajamushe Hermann Jacobi, wanda ya fitar da fassarar littattafan Jain a 1884 da 1895, ya lura cewa ruwayar Pali ta jingina wa Nataputta ƙa'idoji huɗu na kame kai, alhali Jain na danganta huɗun ga Parshva wanda ya gabace shi, biyar kuma ga Mahavira. Wannan na cikin hujjojin da ya kafa cewa Jain addini ne mai zaman kansa, kuma ya girmi na Buddha.